Fim ɗin kifin shak: wanne ya cancanci datarka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son finafinan da mutum ke fafutukar tsira da ransa. Abokai sun ambata mini The Shallows da 47 Meters Down, amma datata ba za ta ɗauki biyun ba, kuma a waya zan kalla. Wanne zan sauke? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauke The Shallows. Fim ne na 2016 wanda Jaume Collet-Serra ya ba da umarni, Blake Lively kuma ta fito a matsayin Nancy, ɗalibar likitanci da ta je wasan sulu a kan igiyar ruwa a wani keɓaɓɓen bakin teku na Meziko. Shak ya cije ta a cinya, ta samu ta haye wani ɗan dutse da bai wuce mita 180 daga gaɓa ba. Tana hango tudu ƙiri-ƙiri, amma babu halin isa.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙarancin kayan aikinsa: mace ɗaya, dutse ɗaya, agogon hannu, da teku mai cika tana janyewa. Mai kallo ya san cewa idan ruwa ya cika dutsen zai nutse, don haka kowane minti yana da nauyi. Akwai wurin da take auna da agogonta daƙiƙa nawa kifin ke ɗauka kafin ya kewayo, ta lissafa ko za ta iya iyo ta ɗauko abin da take buƙata ta dawo. Irin wannan wurin ne ke riƙe mutum, domin hankali take amfani da shi, kuma kana lissafin tare da ita. Sannan a sa'ar farko ba a cika nuna kifin ba, sai inuwarsa a cikin igiyar ruwa ko ƙayar bayansa. Dabarar ta shahara tun daga fim ɗin Jaws na 1975, inda kifin inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa, dole ta sa Steven Spielberg ya ɓoye shi, tsoron kuwa ya ƙaru.

Aibinsa yana ƙarshe. Da ta koma kan wata hasumiyar ƙarfe da ke kan ruwa, sai kifin ya zama dodo: yana yayyaga ƙarfe da haƙora, wuta ta kama shi bai fasa ba, kuma a nan ne zanen kwamfuta ya fito fili har ido ya gane. Labarin rasuwar mahaifiyarta ma an taɓa shi ne sama-sama. Duk da haka minti 86 ne kacal, ba ya gundura.

Shi kuwa 47 Meters Down na 2017 yawancinsa a ƙarƙashin ruwa yake, cikin duhu. A fuskar waya, musamman idan ka sauke mai ƙaramin inganci, duhun yakan farfashe ya zama dabbare-dabbare, ba ka gane komai. The Shallows da rana tsaka aka ɗauki mafi yawansa, kuma maganar cikinsa kaɗan ce, ko Turancinka bai yi nisa ba za ka bi labarin. Batun data: a ma'aunin Netflix, matsakaicin inganci yana cin kusan 0.7GB a sa'a, babban inganci har 3GB. Da 1GB ka gama fim ɗin a matsakaici. Ka sa abin sauraro na kunne, don rabin tsoron a sauti yake.

Tambaya: Abin da ake nunawa gaskiya ne? Haka shak ke farautar mutum?

Amsa: A'a. Ma'ajiyar bayanan cizon shak ta duniya da ke gidan tarihin halittu na Florida ta ƙirga cizo 69 da ba tsokanar kifin aka yi ba a duk duniya a 2023, mutum 10 suka mutu, kuma wannan adadin mutuwar ya fi na yawancin shekaru. Farin shak babba yakan ciji mutum sau ɗaya ya saki, don abincinsa dabbobin ruwa ne masu kitse. A The Shallows ga mushen kifin wel ƙato yana yawo a gefe, kitse tuli, amma an nuna kifin ya bar shi ya kwana yana gadin mace ɗaya. Wannan ba ɗabi'arsa ba ce, kuma irin wannan hoton yana cutar da halittar da mutane ke kashe miliyoyinta kowace shekara.

Jinyar da Nancy ta yi wa kanta ma kada a kwaikwaya. Ɗaure ƙafa sama da rauni don tsayar da jini daidai ne: a ɗaure santimita 5 zuwa 7 sama da wurin, ba a kan gaɓa ba, a matse har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure. Amma ɗinke rauni mai datti da 'yan kunne yana kulle ƙwayoyin cuta a ciki ne.

Kuskuren 47 Meters Down ya fi girma, kuma lissafi ne ke tona shi: an nuna masu nutso sun daɗe a zurfin mita 47 fiye da yadda iskar numfashin da ke cikin tulunsu za ta iya kai su. A zurfin mita 47 matsin ya kai ninki 5.7 na saman ruwa, don haka iskar tulu tana ƙarewa da sauri kusan ninki 6. Tulu mai lita 12 da aka matsa wa iska ninki 200 yana ɗauke da lita 2,400. Mai numfashi a natse yana shan kusan lita 20 a minti a sama, wato lita 114 a wannan zurfin, kenan minti 20 da 'yan kai. Mai firgita yana ihu ba zai kai haka ba. Abin da masu fim ɗin suka yi daidai shi ne gushewar hankali da iskar naitirojin ke jawowa a zurfi, da haɗarin tasowa sama da gaggawa. Iyakar masu nutso don nishaɗi ma mita 40 ce.

Tambaya: Zan iya kunna wa yarana? Babbar shekararta 11. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba mu ba da shawarar haka ba. A Amurka an sa wa The Shallows alamar PG-13, ma'ana bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba sai da kulawar iyaye. Ana nuna raunin cinyar kusa-kusa, akwai kuma mutumin da kifin ya raba biyu a bakin gaɓa. Ban da wannan, jarumar tana cikin kayan wanka masu bayyana jiki kusan daga farko har ƙarshe, abin da gidaje da yawa ba za su so a falo ba. Idan sha'awar yaran ita ce ganin kifin, shirye-shiryen halittun teku na BBC irin su Blue Planet II na 2017 sun fi dacewa, kuma kashi-kashi ne, kina iya sauke ɗaya ki duba shi tukuna kafin ki kunna musu.