Ɗaki ɗaya ya ishe ka, amma ka riƙe takardunka

Ɗan'uwa, ka ce kana da labarin shari'ar kisa amma kuɗinka ba zai kai ka yawon lokeshan ba, kana tambaya ko ka haƙura. Kar ka haƙura. Ni ma na taɓa tsayawa inda kake.

Nemi 12 Angry Men na 1957, baƙi da fari, aikin Sidney Lumet. Kusan duk fim ɗin a ɗaki ɗaya ne: mutum goma sha biyu, 'yan juri, wato mutanen gari da kotun Amurka ke ba yanke hukunci, za su yanke ko wani saurayi ɗan shekara 18 ne ya daɓa wa mahaifinsa wuƙa. Sha ɗaya suka ce shi ne, Henry Fonda kaɗai ya ce a tsaya a duba. Kuɗin bai kai dala dubu 350 ba, cikin kusan mako uku aka gama ɗauka. Lura da kyamara, daga sama take farawa, tana saukowa har ka ji bango ya matse ka.

Shi ya sa na rubuta nawa. Wata bakwai ina kansa, kullum bayan sallar isha'i. Na kai wa wani furodusa da nake ce wa yaya. Ya ce, "Ƙanena, wa zai zauna kallon gardama ba waƙa?" Ya riƙe takardun, wai zai duba. Bayan shekara sai ga fim ɗin a wayar maƙwabcina. Labarina ne, an cusa waƙa uku, babu sunana ko a ƙarshe. Wallahi ranar ko ruwa ban iya haɗiya ba. Tsohuwar da ke ba da shaida, wadda na ɗauko maganarta daga bakin kakata, ita suka mayar budurwar jarumi. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Har yau in na hango shi a wurin biki sai in sauya hanya.

Don Allah kar ka ba kowa kwafi sai da shaidu da rubutu.

12 Angry Men na 1997 da William Friedkin ya sake, mai Jack Lemmon, bar shi sai daga baya. Fara da na Indiya, Ek Ruka Hua Faisla na Basu Chatterjee, 1986, ka ga yadda aka mayar da labarin gida. Kuma ka tuna a kotunanmu alƙali ne ke yanke hukunci, sai ka nemo wa gardamarka wani ɗakin. Ni zauren gidan mamaci na zaɓa, ranar sadakar uku.