Me ya sa jinin kaciyar ɗana ya tsaya, ya sake ɓallewa?

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana kaciya, jini ya tsaya, da dare kuma ya ɓalle har sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti. Ƙanena ma haka ya yi yana yaro. Me ke tsayar da jini?

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Da zarar an yanki jijiya sai ta tsuke, ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filetilet su taru a bakin raunin, su manne da juna su toshe shi. A ɓargo ake ƙera su, kwana 7 zuwa 10 suke rayuwa, kuma mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jini.

Sai dai toshiyar nan ba ta da ƙwari, kamar yaɓen da ba a cuɗa da ramno ba. Ƙarfinta yana zuwa ne daga sinadaran daskarar da jini, waɗanda hanta ke yin mafi yawansu, wasu da taimakon bitamin K. Wannan ya tayar da wancan, wancan ya tayar da na gaba, har a samu sinadarin turombin, shi kuma ya mai da wani sinadarin cikin jini mai suna fibirinojin ya zama zaren fibirin da ke saƙe filetilet da jajayen ƙwayoyi su zama gudan jini. Idan sinadari ɗaya ya yi ƙaranci, saƙar ba ta kammaluwa. Jini ya tsaya da farko, tunda filetilet sun yi nasu aikin, bayan 'yan sa'o'i toshiyar ta kwance.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun kawunsa. Hemofiliya, wato ƙarancin sinadari na 8 ko na 9, ta wajen uwa take bi ta kama 'ya'ya maza, ita uwar galibi lafiyarta ƙalau. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, ku kai shi asibitin koyarwa a yi gwajin daskarewar jini. Ƙirgen filetilet kaɗai bai isa ba, don a masu hemofiliya daidai yake fitowa.

Kafin sakamako, kada wanzami ya taɓa shi, ko cire beli ko ƙaho, kuma kada a ba shi asfirin, yana raunana filetilet. In ya ji ciwo, ki danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙe ba. In an sake samun ɗa namiji, a gwada shi kafin kaciya.