Farin abincin da kika gani a kwanon yara

Ƙanwata, kin tambaya ko abin nan kunu ne ko tuwo ne da ya ƙi ɗauri. Ba ko ɗaya. Grits ake ce masa, kuma a nan Atlanta da sauran kudancin Amurka shi ne karin kumallon gida-gida. Tsakin masara ne dai, irin na fate, yawanci na farar masara.

Asalinsa na mutanen ƙasar na farko ne, irin su Muskogi, masu jiƙa masara a ruwan toka har dusar ta saɓule kafin a daka. Jiharmu ta Jojiya ma a 2002 ta ayyana shi cikin abincinta na hukuma.

Dahuwar ba wuya, haƙuri kawai take so. Kofi 4 na ruwa, kofi 1 na tsaki. In ruwan ya tafasa da gishiri, ki riƙa barbaɗa tsakin kina juyawa, in kika juye gaba ɗaya gudaji zai yi. Sai ki rage wuta sosai, ki rufe, ki riƙa leƙawa kina motsawa kada ya kama. Na niƙan dutse yakan ci minti 40 ko fiye. Na gaggawa minti 5 ya nuna, amma ni dai ba na jin masara a cikinsa. In ya yi laushi a jefa man shanu, mai so ya ƙara cuku.

Mutanen nan da ƙwai suke ci, ko soyayyen kifi, a bakin teku wajen birnin Charleston kuma da jatan lande. Inda muke taka tsantsan shi ne naman alade. A gidajen abinci sau da yawa da shi ake haɗawa, wani lokacin a kitsensa ake soya jatan landen, don haka ba ma cewa a kawo sai mun tambaya.

A gida kuwa mu manya mun juya shi yadda muka saba: albasa, attaruhu, daddawa, dakakkiyar gyaɗa, a yanka alayyahu a kai. Yaran da aka haifa nan sai su yatsine fuska, su nasu da cuku ne. Babansu kuma sukari da madara yake zubawa. Ranar da maƙwabciyarmu 'yar asalin nan ta gani, riƙe baki ta yi, don ko a tsakaninsu sa wa grits sukari magana ce da ake musu a kanta har rai ya ɓaci.