Dannau, Tarin Fuka da Mashayan Jini: Likita Ya Amsa Wasiƙunku

Wannan makon saƙonnin da suka iso mini sun sha bamban da na kullum. Maimakon hawan jini da gyambon ciki, sai ga tambayoyi a kan mashayan jini, waɗanda Turawa ke kira bamfaya, wato matattun da ake cewa suna tashi cikin dare su tsotse jinin masu rai. Da na bi sawu sai na tarar yawancinku kun faɗa cikin jerin littattafan marubuciyar Amurka Anne Rice ne, wadda ta fitar da na farko a 1976, ta kai na 13 a 2018, ta rasu a 2021. Wasu sun ce ba su taɓa karanta abu mai daɗinsa ba, wasu barci ya ƙaurace musu, wata uwa kuma ta rantse sai ta ƙwace wayar 'yarta. Sharhin adabi ba fannina ba ne. Amma da na karanta wasiƙun a tsanake, kusan kowace akwai tambayar asibiti a ƙarƙashinta.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a jami'a. Tun da na fara karanta littattafan nan, sau huɗu ke nan ina farkawa cikin dare na kasa motsi, na kasa ihu, na ji kamar wani abu ya zauna mini a ƙirji, har na ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Ƙawata ta ce na jawo wa kaina aljanu.

Amsa: 'Yata, abin da ya same ki kakanninmu sun san shi tun kafin a haifi Anne Rice, sun kuma raɗa masa suna: dannau. Ga yadda yake faruwa. A cikin barci akwai zangon da ake yin mafarki, kuma a wannan zangon ƙwaƙwalwa na sassauta jijiyoyin motsi da gangan, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya kama gudu a ɗaki. Wani lokacin sai hankali ya riga jiki farkawa. Ido a buɗe, kunne na ji, amma hannu da ƙafa suna nan a ɗaure. Nauyin ƙirjin kuwa, numfashin mai barci gajere ne, ke kuma tsoro ya sa kina son jan dogon numfashi, jikin bai ba ki dama ba. Inuwar da kika gani guntun mafarki ne da ya biyo ki cikin farke. Daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna, kuma ba ya kisa.

Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2011 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mutane sun taɓa gamuwa da shi, a tsakanin ɗalibai kuwa ya kai kashi 28. Ni kaina na sha shi lokacin da nake sabon likita ina kwanan asibiti. Na kishingiɗa a kan benci da asuba bayan kwana biyu ban runtsa ba, na farka ina kallon fanka tana juyawa, ina jin takun ma'aikaciyar jinya a baranda, na kasa ko ɗaga yatsa. Ban karanta littafin kowa ba a lokacin.

To laifin littafin ne? Rabi da rabi. Shi ya ba inuwar fuska, amma abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne raba dare kina karatu har ƙarfe uku, ga lacca da safe. Ki tsayar da lokacin kwanciya, ki nemi awa bakwai zuwa takwas, ki daina kwanciya rigingine domin an fi samunsa a haka, ki bar shayi mai kauri da kofi da yamma. Idan ya zo, kada ki yi kokawa da shi. Ki mai da hankali kan motsa ɗan yatsan ƙafa, ki riƙa numfashi a hankali. Addu'ar kwanciya ki riƙe ta, tana kwantar da zuciya, kuma ba ta hana gyara barci ba. Idan kuma kina ganin barci na fizgar ki da rana tsaka kina cikin magana ko cin abinci, wannan kam ki zo asibiti, akwai wani ciwon barci da za a duba.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne. Na karanta cewa akwai wata cuta da ke sa mutum gudun rana da neman jini, kuma ita ce asalin wannan almara. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, cutar da kake nufi ita ce fofiriya. Tana nan, amma an ɗora mata kayan da ba nata ba. Jiki na bin matakai takwas wajen ƙera sinadarin da ke ba jini launin ja. Idan wani mataki ya sami tangarɗa, sai tarkacen aikin ya taru. A wasu nau'o'in yakan taru a fata, rana ta taɓa ta ta yi bororo. A wani nau'in da ba kasafai ake gani ba, haƙora kan yi ja-ja, fitsari ma ya yi ja. A 1985 wani masanin sinadarai a Kanada, David Dolphin, ya kawo ra'ayin cewa daga nan almarar ta fito, jaridu suka yi ta yayatawa. Likitoci ba su karɓa ba. Masu wannan ciwo ba sa sha'awar jini. Abin dariyar ma, nau'in da ya fi yawa a fata maganinsa shi ne a riƙa zuƙe wa mutum jini lokaci-lokaci don a rage masa sinadarin ƙarfe. Sannan batun rana ta ƙone mashayin jini ƙurmus ba ya cikin tsofaffin tatsuniyoyin gabashin Turai, wani fim ɗin Jamus na 1922 ne ya shahara da shi.

In kana neman cutar da ta sa mutane tone kaburbura da gaske, to tarin fuka ce. A garin Exeter na jihar Rhode Island a Amurka, wata budurwa mai shekara 19, Mercy Brown, ta rasu da tarin fuka a Janairun 1892, bayan mahaifiyarta da yayarta sun riga ta da irin ciwon. Ɗan'uwanta Edwin na kwance yana ramewa. Maƙwabta suka ce wani daga cikin matattun gidan ne ke shan sa. A watan Maris aka tono gawarwakin, aka ga ta Mercy ba ta ruɓe ba, abin da sanyin hunturu ya isa ya yi. Aka ciro zuciyarta aka ƙona, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Bayan wata biyu shi ma ya bi su. Shekara goma ke nan cur da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus, a 1882, amma labarin bai yi tasiri a ƙauyen ba.

Ka duba da idon mutanen wancan lokaci: gida ɗaya, mutane na ramewa bi da bi, suna fari fat, suna tarin jini, suna farkawa jiƙe da gumi. Ba su san iskar ɗaki ce ke ɗauke da ita ba, dole su nemi wanda za su ɗora wa. Mu ma in irin haka ta faru a gida ɗaya, ka san tsohuwar da ake fara nunawa da yatsa a ce mayya ce. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama da zazzaɓin dare, a kai majina gwaji. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, wata shida ake sha, ba a tsayawa don an ji sauƙi.

Akwai kuma ciwon haukan kare, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sifen, Juan Gómez-Alonso, ya danganta da almarar a 1998: da cizo ake ɗauka, mai shi ba ya barci, yana gudun ruwa da haske, yana iya kai cizo. Ko shi ne asalin ko ba shi ba, abin da ya shafe ka shi ne in kare ya ciji ɗalibinka, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti neman allura ranar. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira.

Tambaya: Likita, ya aka yi ake cewa an tono gawa an same ta da ƙiba da jini a baki, farce ya yi tsawo?

Amsa: An gani ɗin, fassarar ce ta karkace. Likitocin sojan Ostiriya sun rubuta irin wannan rahoto a 1732 daga wani ƙauyen Sabiya mai suna Medveđa. Bayan mutuwa ƙwayoyin cutar hanji na haifar da iska, ciki ya kumbura, matsin ya turo wani ruwa ja-baƙi ta hanci da baki. Fata kuma na bushewa ta ja baya, sai farce da gemu su zama kamar sun ƙaru. A 1755 likitan Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, Gerard van Swieten, ya yi wannan bayani, aka hana tone-tonen. Mu da muke kai mamaci makwancinsa cikin 'yan awanni, ba mu kuma komawa mu buɗe, ba mu cika ganin wannan ba.

Tambaya: 'Yata shekararta 15. Kullum tana kan waya tana karanta labaran masu shan jinin nan. Ta yi fari, ba ta da kuzari, in ta hau bene sai haki, ga tauna ƙanƙara da cin farar ƙasa. Abokiyar zamana ta ce littattafan ne suka shanye ta.

Amsa: Hajiya, wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce ta fi gaggawa. Yau ɗin nan ki kira ta bakin taga, ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba cikin. In maimakon ja kin ga fari-fari, ki duba tafin hannunta da harshenta. Abin da kika lissafa, har da ƙanƙarar da farar ƙasar, hoton ƙarancin jini ne na rashin sinadarin ƙarfe, kuma a shekarunta abu na farko da nake tambaya shi ne al'ada. Kwana nawa take yi? Sau nawa take canja ƙunzugu? Akwai gudaji? Yarinya ba za ta kawo miki wannan da kanta ba, sai kin zaunar da ita ke da ita. Bayan haka akwai tsutsar ciki, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da sikila in ba ku taɓa gwadawa ba.

A kai ta a auna jini, ba PCV (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini) kaɗai ba, cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini. In rashin ƙarfe ne za a ba ta ƙwaya, ta ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya dawo daidai don rumbun ya cika. Bayan gida zai yi baƙi, kada ya tsorata ku. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu su yawaita, a haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, a raba shayi da lokacin cin abinci domin yana hana ƙarfen shiga jiki.

Na ce cikakken ƙidaya ne saboda dalili. In tare da farin akwai zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko dasashi na zubar jini, ko tabon kwanciyar jini a fata ba tare da ta buge ba, ko ciwon ƙashi, to kada a kwana. Waɗannan na iya zama alamun sankarar jini. Ita kanta marubuciyar da 'yarki ke karantawa ta san wannan ciwo a gidanta: 'yarta Michele ta rasu da shi a 1972 tana shekara biyar, kuma cikin wannan jimamin ta zauna ta rubuta littafin farko, wanda a cikinsa akwai wata ƙaramar yarinya da ba ta girma, ba ta kuma mutuwa. Da na san wannan sai na daina yi wa littafin kallon abin tsoro kawai.

Wayar kuwa, ki karɓe ta ƙarfe goma na dare ki mayar da safe. Ko abin da take karantawa ya dace da shekarunta, wannan hukuncinki ne na uwa, kuma ni ma zan ce wasu sassan ba na 'yar shekara 15 ba ne. Amma ko kin jefa wayar a rijiya, jininta ba zai ƙaru da ɗigo ɗaya ba.

Tambaya: Don Allah likita, in mutum ya sha jini, jininsa zai ƙaru? Gardama muke da abokaina. Kuma gaskiya ne tafarnuwa na tsarkake jini?

Amsa: Ƙanena, ka ci gardamar in kai ne ka ce a'a. Ban da haramcinsa a addini, abin da aka haɗiya ciki yake tafiya a narkar da shi kamar kowane abinci, ba ya zarcewa jijiya. Jini mai yawa a ciki amai yake sawa, shi ya sa muke ce wa mai haɓo ya sunkuya gaba kada ya haɗiye. Ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau a jinin mutum, ga cututtukan dabbobi a ɗanyen jinin yanka. Haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake ba masu jego shi ma ba ya ƙara jini, sukari ne da ɗan kuzari.

Hanyar da jinin wani ke shiga jikin wani ita ce ƙarin jini, shi ma da sharaɗi. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, an ƙara wa wata budurwa jinin maza huɗu ba tare da gwajin komai ba. Marubucin bai yi ganganci ba, domin sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini. Yau wanda ya yi haka a asibiti zai iya kashe majinyaci kafin leda ta ƙare. In kai da abokanka jinin ke burge ku haka, babba na da kusan lita biyar a jiki, ana ɗibar ƙasa da rabin lita a wurin mai bayarwa, jiki kuma ya mayar cikin 'yan makonni. Ɗakunan haihuwa na nema kullum.

Tafarnuwa kuwa a wancan littafin furenta aka rataya a ɗakin budurwar don korar mashayin jini. A miya tana da daɗi, tana ɗan taɓa hawan jini kaɗan, amma ba ta maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Mai shan maganin tsinka jini ko wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likitansa in yana cin ta da yawa. Kuma kada a daka ɗanya a ɗaure a fata. Na taɓa ganin yaron da aka ɗaure wa ita a hannu ya kwana, da safe wurin ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi.