Tambaya da Amsa: Hijabi, hannun riga da gemu a asibitocin Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce, na samu aiki a wani asibitin gwamnati a Ingila. A takardar da suka turo mini an ce idan ana aiki dole hannu ya kasance a buɗe tun daga gwiwar hannu har yatsu. Hankalina ya tashi. Hijabin ma za su ce in cire? Kuma ina da hurumin ƙin bin wannan ƙa'ida? Daga wata nas a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sa alheri. Kwantar da hankalinki, hijabi daban, hannun riga daban.

Hijabi dai an yarda da shi a asibitocin hukumar lafiya ta NHS. Abin da ake so shi ne ya zama marar ado, ya zauna daram, kada ya riƙa reto idan kin sunkuya kan majinyaci. Ki samu gajere na auduga mai ɗan roba wanda ake zurawa kai tsaye, ki cusa bakinsa cikin wuyan riga. Ki rabu da fil: yana iya yakushin tsohon da kike ɗagawa, kuma ƙarfe ba ya shiga ɗakin hoton MRI saboda maganaɗisun na'urar yana fizgar sa. Ki tanadi kamar guda biyar, kullum ki sa wankakke, a wanke a zafin digiri 60. Ko a ɗakin tiyata, jagorar da NHS ta sabunta a 2020 ta amince da ɗankwalin yadi da za a wanke a wannan zafin bayan an fito, ko irin wanda ake sawa sau ɗaya a jefar, wanda asibitin Royal Derby ya fara samarwa a 2019.

Hannun riga kuwa, a nan gizo ke saƙa. An kawo ƙa'idar ne a 2007, lokacin da cututtukan da ake kwasa a asibiti irin su MRSA suka addabi ƙasar. Dalilin a fili yake: bakin hannun riga yana gogar gado, ya taɓa miki, ya jiƙe a bakin famfo, sannan ya hana a wanke wuyan hannu da kyau. Shi ya sa agogo da awarwaro ma ba a sawa. Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. 'Yan addinin Sikh kan tura awarwaron ƙarfen da addininsu ya ce su sa sama su manne shi.

Amma akwai sassauci tun 2010. Za ki iya sa dogon hannu duk lokacin da ba ki kan majinyaci, kamar a ofis ko wurin taro, ki naɗe idan za ki taɓa mutum ko za ki wanke hannu. Sannan akwai hannun riga na leda mai roba sama da ƙasa, wanda ake sawa kamar safar hannu: ki wanke hannu har gwiwa, ki zura, ki gama da majinyaci ɗaya, ki jefar, ki sake wankewa. Inda mutane ke yin kuskure shi ne yawo da guda ɗaya daga wannan gado zuwa wancan. Da zarar jami'an kula da yaɗuwar cuta sun ga haka, to sai su hana gaba ɗaya, kuma da gaskiyarsu.

Batun ƙin bi, ba mu ba ki shawara ba. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambancin addini a wurin aiki, amma ta bar wa mai aiki ƙofa idan ƙa'idarsa tana da dalili mai ƙarfi kuma bai wuce gona da iri ba. A Janairun 2013 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci kan mata biyu Kiristoci a rana ɗaya. Nadia Eweida, ma'aikaciyar kamfanin jiragen sama na British Airways, ta yi nasara, don kamfanin ya hana ta sanya gicciye a fili ne kawai saboda tsarin ado. Shirley Chaplin, nas kamar ki, ta sha kaye, don asibitin ya ce majinyaci na iya fizgar sarƙar gicciyenta ko ta taɓa buɗaɗɗen rauni. Idan hujjar ado ce, kina da bakin magana. Idan ta lafiyar majinyaci ce, da wuya alƙali ya tsaya miki.

Tun kafin ki tashi, ki rubuta wa shugabar sashenki, ki nemi cikakkiyar takardar ƙa'idar suturarsu, domin kowane asibiti yana da tasa. Ki tambaya ko suna ajiye hannun ledar. Amsar ta zama a rubuce. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, RCN ko UNISON, tun watan farko. In har an kai ga rigima, ki kira hukumar sasanci ta ACAS kafin wata uku ya cika, don wa'adin shigar da ƙara gajere ne.

Tambaya: Ni ma can nake aiki. An ce sai na aske gemu kafin a gwada mini takunkumin fuska. Haka doka ta ce? Daga wani ɗan Katsina a Birmingham.

Amsa: Malam, ba ƙiyayya ba ce, aikin takunkumin ne haka. Irin FFP3 sai ya manne da fata ruf yake kare mutum, gashi ko na kwana biyu ne yana buɗe kafar da iska za ta kurɗa. Amma aski ba shi ne kaɗai mafita ba. Akwai hular da ke rufe kai duka, mai injin batir da ake ɗaurawa a ƙugu yana turo tatacciyar iska. Wannan ba ruwanta da gemu, kuma ba ta buƙatar gwajin mannewa. Ka nemi ita a rubuce ta hannun sashen kula da lafiyar ma'aikata, ka bayyana cewa dalilinka na addini ne. Tana da tsada, ba kowane sashe ke da ita ba, saboda haka kafin ta iso suna iya janye ka daga ayyukan da ke tayar da feshin numfashi, kamar zuƙe majina ta bututu.