Kafin ki biya kuɗin dawrar Ƙudurat, ki leƙa ofishin muwajjih

Tambaya: Ina zaune a Hindawiyya, Makka. Ɗana yana aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare. Wata cibiya ta ce in biya masa dawra, wato kwas, ta shirin Ƙudurat, jarrabawar gwajin basira da ake nema wajen shiga jami'a, kuɗin ya kusa hayar gidanmu ta wata guda. Yaron kuma ya ce muwajjih, mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ya ce kada mu yi gaggawa. Wa zan bi?

Amsa: Hajiya, ki bi muwajjih tukuna. Shi ne wanda iyaye da yawa har yau suke kira murshid, kuma aikin da gwamnati ke biyansa albashi a kai ke nan: ya duba makin yaro a Nur, dandalin intanet na Ma'aikatar Ilimi, ya sanar da shi lokutan rajistar Ƙiyas, cibiyar da ke shirya jarrabawar, ya nuna masa fannin da makinsa zai iya kai shi. Mu dai mun saba ba ma taka ofishinsa sai an kira mu saboda yaro ya yi faɗa ko ya yi fashin makaranta.

Ga abin da ya sa maganar ta kai a zauna a kanta. Jami'o'in Saudiyya ba sa duban sakamakon sanawiyya shi kaɗai, haɗawa suke yi da Ƙudurat da Tahsili (jarrabawar Ƙiyas kan darussan sanawiyya) su fitar da abin da ake kira nisba mauzuna. Kowace jami'a da nata lissafin, amma rabon da aka fi ji a fannonin kimiyya shi ne 30 na makaranta, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Mu ƙaddara yaro ya ci 98 a makaranta, 70 a Ƙudurat, 65 a Tahsili: jimillarsa 76.4. Wani ya ci 90 kawai a makaranta, amma ya samu 85 a kowace daga cikin biyun: jimillarsa 86.5. Na farkon ne aka yi wa walima a gida, na biyun ne zai shige gaba a jerin ɗauka.

To Ƙudurat ɗin ba hadda ba ce. Kashi biyu ce, na lissafi da na harshe, kuma ba a shiga da na'urar lissafi. A ganina yaranmu sun fi tuntuɓe a kashin harshen. Yaro ya iya Larabcin Hijaz kamar ɗan gari, amma a ba shi tanazur lafzi, wato gano alaƙar da ke tsakanin kalmomi, ko dogon nassi na fusha, Larabcin littafi, a ce ya gama cikin 'yan mintoci, sai ya tsaya cak. Idan matsalar ɗanki ke nan, dawrar da ta fi karkata ga lissafi ba za ta yi masa komai ba. Ana zama jarrabawar fiye da sau ɗaya, kuma maki mafi girma ake ɗauka. Saboda haka ya fara da atisayen kyauta na shafin Ƙiyas, ya zauna sau ɗaya, a kai sakamakon wa muwajjih. A lokacin ne za ki san abin da kike saya. Biya tun yanzu cinikin biri a sama ne. Tajmi'at ɗin, wato tarin tambayoyin baya, da yara ke turawa juna a Telegram ba laifi a duba, sai dai wasu amsoshinsu kuskure ne.

Abu ɗaya kuma, wanda ya fi duk waɗannan: wace takarda ce a hannun yaron? Muwajjih ya saba da 'yan ƙasa, bayaninsa a aji nasu ne. Ɗan da mahaifiyarsa 'yar Saudiyya ce, ana yi masa irin na 'yan ƙasa wajen karatu. Mai igama kuwa, wato takardar izinin zama ta baƙo, hanyarsa daban, ta minha dahiliyya ce, gurbin karatu na baƙin da ke zaune a ƙasar, wadda ake nema ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya, kuma gurabenta kaɗan ne, ba kowane fanni ake buɗe wa baƙi ba. Babansa ko wansa ya je ya faɗa wa muwajjih wannan ƙarara, ya tambaye shi abin da Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko Jami'ar Musulunci ta Madina ke buƙata daga mai igama. Igamar ma a tabbatar ba ta mutu ba kafin lokacin nema.

Tambaya: 'Yata tana gama aji ɗaya na sanawiyya a Jidda, an ce ta zaɓi fannin da za ta bi, abin da suke kira masar. Ni ina son likitanci, ita tana son kwamfuta. Kuma mai yiwuwa mu koma gida Najeriya.

Amsa: Alhaji, masarat biyar ne tun da aka kawo tsarin a 2021: na gama-gari, na lafiya da rayuwa, na kwamfuta da injiniyanci, na kasuwanci, da na shari'a. Ba kowace makaranta ke da duka ba, don haka mahaifiyarta ta fara tambayar muwajjiha abin da ke akwai da makin da ake nema. Ta kuma roƙa a nuna mata sakamakon yarinyar a lissafi da kimiyyar sinadarai, shi zai raba muku gardama fiye da son ranka ko nata.

Idan komawa gida na nan daram, Ƙudurat ba za ta yi mata aiki a Kano ko Zariya ba. Can JAMB ake nema, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Muwajjiha ba lallai ta san wannan ba, ku ne za ku nemi bayani a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Kuɗin da ka ware, ka zuba shi a darasin Turanci tun bana, don a can da Turanci za ta zauna jarrabawar gaba ɗaya.