An ce maka "laid off": kora ce ko zaman jira?

Wani ɗan'uwa mai aikin gini a Ingila ya aiko da tambaya. Shugabansa ya turo masa saƙo cewa za a yi masa "lay off" daga Litinin saboda aiki ya ja baya. Yana so ya sani, shin an kore shi ne, kuma me zai faɗa wa mutanen gida da ke jiran kuɗin wata?

Ɗan'uwa, kada ka yi saurin tattara kayanka. Ma'anar wannan kalma ta danganta da ƙasar da aka faɗe ta. A Amurka, idan aka ce an yi wa mutum "lay off", yawanci aikin ya ƙare ke nan, ba don laifinsa ba, sai don kamfani ya rage ma'aikata. A dokar aiki ta Birtaniya kuwa, nufinta a ce ka zauna a gida na ɗan lokaci saboda babu aiki, amma kana nan a matsayin ma'aikaci. Sallama ta dindindin saboda rage ma'aikata sunanta "redundancy". Matsalar ita ce Turawan Ingila ma a hira sukan yi amfani da kalmar da ma'anar Amurka. Don haka abu na farko, ka rubuta wa shugabanka ka ce ya bayyana maka a rubuce: na ɗan lokaci ne ko sallama ce, kuma yaushe za a koma. Maganar waya tana da wuyar zama hujja.

Sai ka ɗauko takardar yarjejeniyar aikinka. In babu sharaɗin da ya ba su damar zaunar da kai ba albashi, kuma ba ka amince da hakan ba, cikakken albashinka za su biya. In akwai, kana da haƙƙin ɗan abin da doka ta tilasta musu, muddin ka yi wata ɗaya kana aiki da su. A 2025 bai wuce fam 39 a rana ba, na kwana 5 kacal cikin wata 3. Ba ya riƙe gida, amma haƙƙinka ne, kuma daga aljihun kamfani yake fitowa, ba tallafin gwamnati ba ne.

Zaman in ya kai mako 4 a jere, ko mako 6 cikin mako 13, kuma ka cika shekara 2 a wurin, za ka iya neman kuɗin sallama a rubuce. Kada ka ajiye aiki da kanka cikin fushi kafin ka bi wannan hanya, nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Acas (hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki a Birtaniya) da Citizens Advice (ƙungiyar agaji mai ba jama'a shawara) suna ba da shawara kyauta.

Inda ya fi damuna shi ne biza. In kamfanin ne ya ɗauki nauyin zamanka, zama ba albashi fiye da mako 4 a shekara yana iya sa su daina ɗaukar nauyinka su sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma ta saba rage wa'adin biza zuwa kwana 60. Saboda haka tun makon farko ka fara neman wani kamfanin mai lasisin ɗaukar nauyi, ka kuma ga lauyan shige da fice.

Kalmar tana da wasu fuskoki da za ka ci karo da su. Likita in ya ce "lay off the salt", cewa yake ka rage gishiri. Wani in ya ce "lay off him", yana nufin ƙyale shi, daina takura masa. Kada kuma ka haɗa ta da "day off", wato ranar hutunka.

Su kuma mutanen gida, gaya musu gaskiya tun yau: aiki ya tsaya na ɗan lokaci, abin da za ka aiko zai ragu. Ka fara ware kuɗin haya da na abinci kafin ka tura komai, don mai gidan haya a can ba ya jiran a koma aiki.